Zurfin Bututu a Gonar Genwa

Su biyar ne 'yan gidan Huo a lokacin da abin ya fara. Akwai tsohuwa, wadda mijinta ya rasu shekara bakwai kafin nan, aka binne shi a kan tudun da ke bayan ƙauye. Akwai babban ɗanta Genwa, manomi, wanda bai taɓa aure ba, yana noman gero da dankali a gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu. Sai ƙaninsa Wenli, da matarsa Gailing, da 'yarsu Shuning mai shekara bakwai. Abinci bai gagare su ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa shi ne gida na kansu a birni. Ɗaki ɗaya Wenli yake haya a bayan wani shagon taliya, makarantar da Gailing take so wa Shuning kuwa ba ta ɗaukar yaro sai iyayensa suna da gida a unguwar.

Wenli mai awo ne. Idan 'yan kwangila suka binne bututun iskar gas, shi ake kira ya bi layin da ƙafa, daga turke zuwa turke. Na'ura ce take nuna masa inda bututun yake kwance, sai ya soka doguwar sandar ƙarfe a hankali har ta taɓa shi. A jikin sandar akwai jan fenti a daidai mita ɗaya da santimita ashirin. In fentin ya nutse kafin sanda ta taɓa bututu, aiki ya yi kyau. In bai nutse ba, ɗan kwangila zai tone ya sake binnewa, domin ƙasarmu mai laushi ce, ruwan sama yana cin ta, kuma manoma suna bi ta kai da garma. Shekara goma sha ɗaya Wenli yana wannan aiki. Tun Shuning tana ƙarama yakan ce mata, "Abin da sanda ta taɓa shi ake rubutawa." Ita kuma sai ta ɗauki tsinken cin abinci ta soka a cikin kunun gero ta ce ta auna.

'Yan kwangila ba sa son sa. Wani daga cikinsu, mai suna Tuo, ya tare shi wata rana a bakin rami bayan ya sa shi ya tone rabin kilomita.

"Sarkin Santimita," in ji Tuo, "wannan takalmin naka shi na gani a ƙafarka bara, shi na gani bara waccan. Ko shi ma ka auna ka ga bai ƙare ba?"

"Ko da na so in ɗaga maka ƙafa, sufeton masu bututu yana tsaye a kaina. Yana ganin fentin da idonsa."

"Ido ai ana yi masa magani. Ka san kwarin da ake kira Makafin Rijiya? Akwai wani tsoho a can, Miao. Ka je ka gaishe shi. Ni ban aike ka ba fa."

Wata uku Wenli yana juya maganar a ransa. Ranar da ya tafi ita ce ranar da ya dawo gida ya tarar da Shuning tana rubutu a kan murfin tukunya saboda babu tebur, Gailing kuma ta bi shi da kallo.

Ya isa kwarin da tsakar rana. Mutane sun daɗe da tashi daga wurin, an bar ɗakunan kogo da aka haƙa a jikin tudu, bakinsu a buɗe. Ɗaya ne kawai yake da ƙofa. Da ya shiga sai sanyi ya kama shi har cikin haƙora, ko da yake a waje rana tana dukan kai. A ƙuryar kogon akwai wani gunki na yumɓu, tsayin yaro, ba shi da ido ba shi da hanci, sai baki a buɗe. An jera ƙananan kwanoni a gabansa, sun fi ɗari, kowanne cike da ƙasa, kowanne an soka masa turaren tsinke a tsakiya. Ƙasar ba iri ɗaya ba ce, akwai ja, akwai baƙa, akwai mai ruwan ɗorawa irin tamu. Hayaƙin turaren ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, yana jan ciki zuwa bakin gunkin.

Tsoho Miao yana zaune a gefe yana ɓare tafarnuwa. Bai ɗaga kai ba.

"Ajiye sandar a nan. Me kake so ta yi?"

"Dattijo, ina so ta nutse har fenti, ko da bututun yana kusa."

"Na'urar fa?"

"Ita ma ta yarda da sanda."

"Ba wuya." Ya jefa tafarnuwa a baki. "Kada ka taɓa aljihunka, ba a karɓar wannan a nan. Amma ka saurara. Ƙasa ba ta ƙaruwa. Idan sandarka ta ce akwai ƙasa a inda babu, to daga wani wuri za a ɗebo."

"Daga ina?"

"Daga taka. Kawo mini kwano ɗaya na ƙasar da take taka, wadda babu mai ja da kai a kanta."

Wenli ya yi ɗan murmushi. "Ni ba ni da ƙasa. Rabona na gona na bar wa yayana. A birni haya nake yi."

"To ɗauki sandarka ka tafi. Rana tana yi."

"Dattijo, babu wani abin da za a karɓa? Zakara? Akuya?"

"Ka ga gunkin yana da haƙoran cin akuya?" Sai a lokacin tsohon ya ɗago. "Babanka yana raye?"

Wenli ya girgiza kai.

"Ɗa yana da rabo a ƙasar da ke kan ubansa. Wannan babu mai ja da kai."

"Ba a ɗibar ƙasa daga kabari. Ƙarawa ake yi."

"Ni ban ce ka ɗiba ba. Tambayata ka yi, na ba ka amsa."

Ina so a lura da wannan wuri, domin nan ne kan labarin. Ba a yaudari Wenli ba. Kowane yaro a ƙauyukanmu ya san cewa duk farkon bazara, ranar sharar kaburbura, 'ya'ya maza sukan hau tudu da shebur su ƙara ƙasa a kan iyayensu, don kada sanyi da ruwa su kai gare su. Wenli ya san haka. Amma ya ce wa kansa kwano ɗaya ne, kuma in bazara ta zo zai mayar da kwando goma. Washegari da hantsi ya hau tudun, ya durƙusa, ya ce, "Baba, aro ne," ya cika kwanon.

Tsoho Miao ya zuba rabin ƙasar a bakin gunkin. Wenli ya ji ƙarar haɗiya. Sauran rabin tsohon ya kwaɓa da ruwa ya shafe sandar tun daga baki har fenti, ya ƙona wata takarda mai ruwan ɗorawa ya barbaɗa tokar a kai. Sannan ya ajiye kwanon a cikin sahun sauran, ya soka masa turare.

"Ido zai ga abin da kake so," in ji shi. "Amma tafin hannunka zai riƙa jin gaskiya. Wannan ba ni da maganinsa."

Haka kuwa aka yi. A aikin farko, sufeto yana tsaye da littafinsa, Wenli ya soka sanda. A santimita saba'in ya ji ta daki bututu, ya ji dukan a tsakiyar tafinsa kamar an soka masa ƙusa mai sanyi. Amma sandar ta ci gaba da nutsewa har fentin ya ɓace. Sufeto ya gyaɗa kai ya sa hannu. Tuo ya juya baya yana dariya.

Labari ya bazu a tsakanin 'yan kwangila. Duk wanda ya ga dutse a ƙarƙashin raminsa, ko yake son gama aiki kafin sanyi, sai ya ce a kira Huo Wenli. Kafin shekara ta zagayo ya buɗe kamfanin awo nasa. Ya sayi gida a hawa na tara, mai tagogi suna kallon kogi. Shuning ta shiga makarantar, aka saya mata tebur mai fitila. Ya sa wa tsohuwa sabbin haƙora, ya kai wa Genwa rigar sanyi mai gashi a wuya. Gailing ta fara dariya irin wadda ya manta tana da ita. Shi kuwa sai ya koyi wata ɗabi'a: duk lokacin da aka yi maganar aiki, sai ya riƙa murza tafin hannun damansa da babban yatsa.

Bazarar farko da suka hau tudu, Genwa ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai, tsohon nan ya rame. Bara kabarin ya kai mini ƙirji."

"Ruwa ne, Yaya."

"Ruwan da ya tsallake na maƙwabta ya zo kan namu? To zuba, mai kuɗi. Ko hannun ya manta da shebur?"

Suka zuba kwando talatin. Bazara ta biyu suka tarar da kabarin ya kusa daidaita da ƙasa. Wenli ya sa aka kawo mota guda ta ƙasa. Kafin girbi ƙasar ta tafi, ba a ga inda ta gangara ba. A lokacin ne tsohuwa ta fara cewa, "Babanku yana jin sanyi." Da farko sau ɗaya take faɗa, da safe. Daga baya sai ta fara fita da kwanon cin abinci tana ɗebo ƙasa daga bakin hanya. Ta zuba a kan gado, ta zuba a cikin takalma, ta zuba a kan murhu. In Genwa ya hana ta sai ta yi kuka ta ce, "An yaye masa bargo, ku ba ku gani?"

Wenli ya so ya bari. Ya sayi sabuwar sanda, amma da ya soka ta sai ta yi yadda tsohuwar take yi. Ya ba yaransa na aiki su auna, sandar ta faɗi gaskiya a hannunsu, 'yan kwangila suka ce su ba su yarda ba sai shi da kansa. Kuma ga gidan, ga makarantar. Ya ci gaba.

A shekara ta uku wani sabon layi ya ratsa ta ƙauyensu, ya bi ta gonar Genwa ta ƙasa. Tuo ne ya yi aikin, kuma akwai dutse a wurin. Wenli ya auna da kansa, Genwa yana tsaye a gefe yana gaya wa sufeto, "Ƙanena ne wannan. Ni na goya shi." A santimita hamsin tafinsa ya ji bututu. Fenti ya nutse. Ya lallashi kansa cewa garmar Genwa ko talatin ba ta shiga.

Bazarar da ta biyo baya, da suka hau tudu, ƙusurwar akwatin gawar babansu ta fito fili. Genwa ya cire rigarsa mai gashi ya rufe ta, suka zuba ƙasa a kai. Da suka sauko, Gailing ta dafa taliya da naman rago, aka zauna. Tsohuwa tana ƙuryar ɗaki da kwanonta. Shuning, wadda ta kai shekara goma sha ɗaya, tana kusa da babanta.

Genwa ya so ya sauya magana. "Bana zan huda gonar ƙasa da kyau. Ƙungiyar manoma ta kawo sabuwar tarakta, garmarta tana shiga har santimita sittin. An ce dankali sai ya yi kamar kan jariri."

Wenli ya ajiye tsinkensa. "Yaya, ka bar wannan gonar. Ka sa a ta sama."

"Ta sama duk tsakuwa ce. Me ya sa?"

"Saboda bututun. Ba a son ana wasa a kansa."

"Wa ya ce wasa? An ce kada a haƙa, kada a shuka bishiya. Huɗa ba a hana ba. Ba kai ka auna ba? Nawa ne zurfinsa?"

Kowa ya dube shi. Wenli ya san halin yayansa. Da Genwa zai ji gaskiya, ba zai kwana ba sai ya je ofishin masu bututu, kuma daga gona ɗaya za a bi sauran layukan duka. Ya ga gidan, ya ga teburin Shuning mai fitila, ya ga fuskar Gailing. Ya murza tafin hannunsa.

"Mita ɗaya da ashirin," in ji shi.

Genwa ya fashe da dariya. "To! Ni aji uku na yi na gudu, amma na san sittin ba ta kai ɗari da ashirin ba. Shuning, gaya wa babanka, ko na yi kuskure?"

"Ba ka yi ba, Baffa."

"Ka ji. Ci taliyarka, ta huce."

A hanyar komawa birni Wenli ya shirya abin da zai yi. Genwa ya ce sai ran Asabar taraktar za ta zo kansa. Ran Alhamis Wenli zai aiko da motocin ƙasa a zuba a gonar, ya ce taki ne kyauta. Ko kuma ya biya mai kula da taraktar ya ce ta lalace. Dabara ce mai kyau. Sai dai maƙwabcin da yake gaban Genwa a layin jiran tarakta ya tafi biki, taraktar ta zo ran Talata da safe.

Mutanen ƙauye sun ce da farko ƙara suka ji kamar ta babbar ƙofar ƙarfe, sai wani huci mai tsawo, sai wuta ta miƙe ta fi tudun tsayi. Genwa da kansa yake tuƙi. Sai bayan azahar aka iya rufe iskar daga nesa. Abin da aka samu nasa bai cika ƙaramin akwati ba.

Aka binne shi a kan tudun, ƙasa kaɗan da kabarin babansa. Wenli ya zuba ƙasa har hannuwansa suka fashe. Bayan kwana uku, da aka koma kabarin kamar yadda ake yi a al'ada, murfin akwatin yana waje. Tsohuwa ta gani. Ba ta yi kuka ba. Ta kwanta a kan akwatin ta ce ita za ta zama bargon. Aka ɗauke ta aka kai gida, ta daina cin abinci, bayan kwana tara ta rasu.

Wenli ya koma Makafin Rijiya da sandar. Tsoho Miao yana nan yana ɓare tafarnuwa.

"Karɓi abinka, Dattijo. Ba ni kwanona."

"Ga shi can. Ɗauka."

Kwanon babu komai a ciki, an lashe shi tas.

"Ka ce daga ƙasata za a ɗiba! Ba ka ce yayana ba! Ba ka ce uwata ba!"

"Ni na kashe yayanka? Na ji an ce tambayarka ya yi a kan abinci." Tsohon ya hura ɓawon tafarnuwa daga tafinsa. "Gunkin can ƙasa kawai yake ci. Amsar da ka bayar, taka ce."

Wenli ya juya ya fita, domin ya san gaskiya ce.

Da ya dawo gida ya ce Shuning ta ba shi sabon littafin rubutu. Ya zauna a kan teburinta kwana biyu. Tafinsa bai manta ko wuri ɗaya ba. Ya rubuta kowane turke da zurfinsa na gaskiya, saba'in, hamsin da biyar, arba'in, har littafin ya cika. Ya kai wa masu bututu da hannunsa. Aka rufe layuka, aka tone, aka tarar kowace lamba daidai take. Aka kama Tuo da wasu. Aka rufe kamfanin Wenli, aka karɓe gidan hawa na tara da abin da ke ciki. Shi kansa ba a kai ga yanke masa hukunci ba, domin kafin ranar shari'a likitoci sun ce hankalinsa ya tafi. Duk abin da aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Hamsin ne, Yaya."

Gailing ta dawo da su ƙauye, gidan Genwa. Tun daga lokacin, kullum da safe Wenli yakan rataya kwando biyu a kafaɗa, ya cika su a gindin tudu, ya hau, ya juye a kan kaburbura uku, ya sauko. Ba ya zagin kowa, ba ya dukan kowa. Kaburburan kuwa ba sa tashi.

Ba na ba da wannan labari don a tsani Huo Wenli. Na san shi, mutum ne mai tausayi, kuma abin da ya so wa 'yarsa ba mugun abu ba ne. Amma duk wanda aikinsa shi ne ya auna ya faɗa, to mutanen da bai taɓa gani ba sun ɗora ransu a kan bakinsa. Ranar da kwaɗayi ya sa ya sayar da wannan bakin, ba zai zaɓi wanda zai biya ba. Kada wani ya ce kwano ɗaya ne. Kada wani ya ce zai gyara ran Alhamis.

Da ranar sharar kaburbura ta sake zagayowa, Shuning ta hau tudun da shebur, tunda babu wani namiji mai lafiya da ya rage a gidan. Ta tarar da babanta zaune a gefen kabarin Genwa, kwandunan a gabansa. Ta zauna kusa da shi ta miƙa masa ruwa.

"Baba, ka huta. Ni zan zuba."

Ya dube ta kamar ya san ta, kamar bai sani ba. "Hamsin ne, Yaya," in ji shi, yana murza tafin hannun damansa da babban yatsa.

Shuning ta daɗe tana kallon hannun. Ta tuna ranar taliya da naman rago, ta tuna inda ta ga hannun yana yin haka, ta tuna kuma cewa ita aka tambaya ko lissafin ya yi daidai, ta ce ya yi. Ta tashi ta fara zuba ƙasa. A ranar ta gane cewa babanta ya san zurfin bututun lokacin da Baffa ya tambaye shi, kuma da ya faɗa, da Baffa yana raye.